Shaidar ɗigon ruwa: nazari a kan tafkin Legas

Duk wanda ya taɓa hawa gadar Third Mainland da safe, ya taso daga Oworonshoki ya nufi tsibirin Ikko, ya san ruwan da zan yi magana a kai. Tafiyar kilomita 11.8 ce a bisa ruwa. Ta hannun dama za ka wuce Jami'ar Legas, ka wuce gidajen katakon Makoko da ke tsaye a kan turaku, sannan bakin Okobaba inda aka yi shekara da shekaru ana tsaga katako. Ta hagu kuwa ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya gaji. Wanda ya saba dubawa zai lura cewa ruwan yana sauya kala: a Fabrairu yana da ɗan haske da kore-kore, a Yuli ya koma ja-ja, kamar kududdufin bayan gari in an kwana ana mamako.

Mu da muka tashi nesa da teku ba mu da suna guda na irin wannan ruwa. Tafki ne, amma mai ƙofa. Doguwar jigawar yashi ta tsare shi daga Tekun Atlantika, ta bar masa mashiga guda ta wajen tashar jiragen ruwa, wadda ake kira Commodore Channel. Koguna na zuba masa ruwan daɗi daga tudu, teku na turo masa ruwan gishiri sau biyu a kowace rana, su haɗu su zama ruwan zartsi. Sunan Lagos ma daga bakin Turawan Fotugal ya fito, ma'anarsa tafkuna. Masu bincike sukan ƙiyasta faɗin tafkin da murabba'in kilomita 208, zurfinsa kuwa a yawancin wurare bai kai mita 2 ba, in ban da hanyar jirage da ramukan da masu haƙar yashi suka bari. A bakin wannan farantin ruwa mutum fiye da miliyan 15 ke zaune, kuma abin da suka wanke, da abin da suka yanka, da abin da suka kasayar, akasarinsa nan yake gangarowa.

To yaya za a san ko ruwan lafiya yake? Amsar da na fi yarda da ita tana wurin mafi ƙanƙantar mazauna cikinsa.

Kowa ya san gansakuka a jikin randa ko a bakin rijiya. Tana da dangi waɗanda ido ba ya gani, ƙwaya ɗaya-ɗaya ko a sarƙe da juna, suna shawagi a saman ruwa iyakar inda hasken rana ke kaiwa. Masana na ce musu fitofilankton. Ba saiwa ba ganye, amma aikin ganye suke yi: su haɗa hasken rana da iskar kabon su yi abinci, su saki oksijin. Kusan rabin oksijin da tsirrai ke samarwa a duniya daga irinsu yake fitowa. A tafkin Legas su ne gero da dawar ruwa. Kifin bonga, wanda ake ƙyafewa a kai kasuwa, tace su yake yi daga ruwa ya haɗiye. Karfasar zartsi na cinsu. Ƙananan halittun ruwa na cinsu, jatan lande da 'ya'yan kifi su ci waɗancan, manyan kifaye su ci na ƙasa da su, har a zo kan tukunyar mai tuwo.

Abin da ya sa shaidarsu ta fi ta kowa ƙarfi shi ne ba su iya gudu. Kifi in ya ji ruwa ya ɓaci sai ya yi gaba. Su kuwa inda ruwa ya kai su nan suke, kuma rayuwarsu gajeriya ce, ƙwaya na iya rabuwa biyu cikin kwana ɗaya ko biyu. Da ruwa ya sauya, irin da bai jure ba ya mutu, irin da ya dace ya cika wurin. Awon sinadari yana gaya maka halin ruwa a sa'ar da ka tsoma na'ura. Jerin nau'o'in da ka tarar yana gaya maka abin da ruwan ya sha a 'yan kwanakin da suka wuce.

Yadda ake ɗaukar shaidar

Aikin ba shi da wani ado. Ana shiga kwalekwale da wata raga mai siffar mazurari, wadda idonta bai wuce maikuron 55 ba, wato kusan kaurin siririn gashin kai. A ja ta a hankali na 'yan mintuna, a juye abin da ta tara a kwalba, a ɗiga fomalin ko aidin don kada ya ruɓe. A gefe guda a auna gishiri da zafi da oksijin, a ɗebi ruwan da za a gwada naitiret da fosfet, wato sinadaran taki. Sai a zura wani farin faifai da igiya har ya ɓace wa ido, a auna tsawon igiyar, shi ne iyakar hasken ruwan. Wani limamin coci ɗan Italiya masanin taurari, Angelo Secchi, shi ya fara amfani da wannan faifai a 1865, kuma har yau ba a bar shi ba.

Ranar da na fara sa ido a madubin ɗakin gwaji a kan ɗigon ruwan tafkin, wani ɗalibi ɗan wajen Zariya ne ya saita mini. Abin da na fara gani wani zagaye ne mai ruwan zinariya, jikinsa duk 'yan ramuka a jere kamar saƙar zuma. Ya ce, "Malam, wannan ɗan teku ne, Coscinodiscus. In ka gan shi da yawa, to rani ya yi." Ya ɗan matsa gilashin, sai ga wata sarƙa mai dogayen gashi tsinin-tsinin, Chaetoceros, ita ma 'yar teku. Dukansu dayatom ne, dangin da ke gina wa kansu kwanso na gilashi daga sinadarin yashi, murfi da gindi kamar akwati. Da ya sauya gilashin ya sa ɗigon da aka ɗebo daga bakin wata kwata, sai duniyar ta canja. Ba zinariya ko ɗaya. Wasu korayen abubuwa ne masu jan ɗigo kamar ido, suna juyi suna miƙewa suna iyo da wutsiya. Ya ce, "Euglena ke nan, Malam. Inda ƙazanta take, nan ne gidansu." Nisan wuraren biyu a kwalekwale bai kai tafiyar rabin sa'a ba.

Ruwa biyu a kwano ɗaya

An daɗe ana nazarin wannan tafki. Tun 1958 masu bincike biyu, Webb da Hill, suka wallafa bayanin yanayinsa da yadda gishirinsa ke hawa da sauka, Farfesa Olaniyan ya bi diddigin halittun da ke shawagi a cikinsa, sannan daga shekarun 1980 Farfesa Dike Nwankwo na Jami'ar Legas da ɗalibansa suka duƙufa a kan fitofilankton ɗinsa. Abin da dukansu suka tarar ya zo ɗaya: babban mai juya akalar tafkin shi ne gishiri, gishirin kuma damina da rani ke juya shi.

Ruwan sama a Legas yakan haura milimita 1,500 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Yana tsananta a Yuni, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Kogin Ogun, wanda ke tasowa daga wajen Saki a jihar Oyo ya ratsa Abeokuta, tafiyar kimanin kilomita 480, yakan iso a cike, in an buɗe madatsar Oyan kuma abin ya ƙaru. A lokacin ruwan daɗi ke tura gishiri har bakin teku, awon gishiri a yawancin tafkin ya faɗi kusan sifiri. Sai 'yan kogi su mamaye wurin: Aulacoseira granulata, mai gaɓa-gaɓa kamar karan dawa, da korayen gansakuka, da dangin shuɗi-kore. Daga Disamba zuwa Afrilu koguna su ja baya, teku ya kutso. A kusa da tashar jirage gishiri kan tasam ma giram 30 a lita, alhali na teku 35 ne. 'Yan kogi su mutu ko su koma tudu, 'yan teku su shigo.

Akwai hannun mutum ko a cikin wannan. Tafkuna da yawa a gaɓar Afirka ta Yamma, yashi kan toshe bakinsu da rani. Na Legas kuwa a farkon ƙarni na 20 Turawan mulki suka jera dogayen katangun duwatsu cikin teku don bakin ya zauna a buɗe wa jirage, kuma tun daga nan teku ke shiga da fita ba fashi. Tafkin Lekki da ke gabas, wanda ya yi nisa da wannan ƙofa, kusan duk shekara ruwan daɗi ne, shi ya sa ake samun korayen nau'o'i irin su Closterium da Cosmarium a can fiye da nan.

Inda taki ya yi yawa

Manomi ya san NPK. Naitirojin da fosfaras ɗin da ke sa masara ta yi duhu, su ne abincin fitofilankton. Kaɗan alheri ne. In ya yi yawa sai gona ta koma ta ciyawa guda mai ƙarfin tsiya, ta danne sauran.

Legas ba ta da babbar hanyar bututun bahaya da ta game gari. Yawancin gidaje ramin masai gare su, kuma shekaru da dama motocin kwasa a bakin Iddo suke juye kayansu cikin tafkin. Ruwan masana'antun Ikeja na bin rafin Odo Iya Alaro ya faɗa ta wajen Ogudu. Sabulun wanki na kawo fosfet. A Okobaba garin katako ya taru a bakin ruwa ya zama tudu, yana ruɓewa a hankali yana shanye oksijin. A Ijede tashar lantarki ta Egbin, mai megawat 1,320, na ɗibar ruwan tafkin ta sanyaya injuna ta mayar da shi da ɗumi.

Akwai kuma inda maganar ta shafe mu kai tsaye, kuma ba na so in tsallake shi. Kasuwar shanu ta Kara, a Isheri, a bakin kogin Ogun take, ɗan nesa kaɗan da inda kogin ke faɗawa tafkin. 'Yan uwanmu ne da yawa ke fatauci da dillanci da fawa a can. Kashin shanu, da jini, da tumbin da ake wankewa, in ruwa ya sauko kogi yake nufa. A kasuwar Mile 12 ma ruɓaɓɓen tumatir da albasa da ganye na bin kwata. Ba mu kaɗai ke zuba wa tafkin taki ba, ba ma mu ne mafi yawa ba, amma hannunmu na ciki. Abin da ke ci mini rai shi ne wannan kashin da ke kashe ruwa a Legas, a Kano da Katsina da kuɗi manomi ke sayensa a amalanke, jinin kuma ana busar da shi a haɗa abincin kaji.

Ga yadda ɓarnar ke gudana. Taki ya yi yawa, rana ta buɗe, ruwa ya tsaya. Nau'i ɗaya ko biyu masu saurin haihuwa su cika ruwan har ya yi kore shar. Da rana suna sakin oksijin, wanda ya auna da hantsi sai ya ce ruwan nan ƙalau yake. Da dare ba haske, su da ƙwayoyin bakteriya duk shaƙa suke, ba mai saki. In tarin ya mutu ya nutse, bakteriya su hau ruɓar da shi, su shanye ɗan abin da ya rage. Ruwan ƙasashen zafi kuma tun asali ba shi da rara: a zafin digiri 30 lita ɗaya ba ta riƙe fiye da miligiram 7 da rabi na oksijin, alhali a digiri 10 tana riƙe fiye da 11. Yawancin kifi kan fara wahala in awon ya sauka ƙasa da 4, in ya kai 2 kuwa sai gudu ko mutuwa.

Daga cikin masu cika ruwa a irin wannan hali, Microcystis aeruginosa ce ta fi ba ni tsoro, kuma Nwankwo ya rubuta bunƙasarta a ruwayen gaɓar kudu maso yammacin Najeriya. A madubi kamar tarin ƙwan kwaɗo take, a ido kuma kamar an kwara koren fenti a saman ruwa. Wasu irinta na fitar da guba mai lalata hanta, maikurosistin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarta a ruwan sha maikurogiram 1 a lita. A garin Caruaru na Barazil, a 1996, majinyata fiye da 50 suka mutu bayan an yi musu wankin ƙoda da ruwan da ke ɗauke da ita. A Legas ba a cika shan ruwan tafkin ba, amma yara na iyo a ciki, masunta na wuni a ciki, kifin da ke cin gansakukar kuma yana zuwa kasuwa.

Tarkon da ke cikin lissafin

Masu bincike kan dunƙule yawan nau'o'i da yadda suka rabu a lamba guda, da lissafin da Claude Shannon ya fitar a 1948. A ce ka ƙirga ƙwaya 1,000 ka sami nau'i 20, kowanne 50, lambar za ta kai kusan 3. A ce kuma nau'in 20 ne dai, amma guda ya kwashe 950, sauran 19 suka raba 50, sai lambar ta faɗo ƙasa da 0.5. Kamar kasuwa ce: wata kowace rumfa da irin kayanta, wata kuma duk inda ka juya albasa ce. A bisa ƙa'ida, ruwa mai lafiya nau'i da yawa ne, ba wanda ya danne wani.

A nan ne na ga mutane da yawa suna zamewa. A tafki mai zartsi lambar na iya faɗuwa ba tare da ƙazanta ba. Lokacin da damina ke miƙa wa rani, gishirin ya yi wa 'yan kogi yawa, ya yi wa 'yan teku kaɗan, sai tsirarun da ke jure duka biyun su rage. Haka kuma lambar na iya hawa a wuri mai datti, don kawai igiyar teku ta kwaso 'yan teku ta gauraya su da waɗanda kogi ya kawo, baƙi ne duka, ba mazauna ba. Wanda ya gwada lambar Yuli a Ikorodu da ta Maris a Apapa ya ce nan ya fi can tsabta, gishiri ya auna, bai auna datti ba. Sai an gwada wuri da wuri a wata ɗaya, a gishiri kusan ɗaya, a lokacin cikar teku ko janyewarsa iri ɗaya. Sannan a bar lamba a dubi sunaye. Euglena da Phacus da Trachelomonas da Oscillatoria in sun taru suka yi yawa, ruɓaɓɓen abu suke nunawa, ko lambar ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Rashin kore ma ba shaidar tsabta ba ne. Da damina laka na rufe ruwan, faifan Secchi ya ɓace tun igiya ba ta kai kamu biyu ko uku ba. Masu haƙar yashi na tayar da laka ko da rani. Ga kuma baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shigo ta rafin Badagry a 1984, Yarbawa ke ce mata gbeborun. In ta shimfiɗa tabarmarta ba hasken da ke ratsawa, har sai gishirin rani ya ƙone ta, ta nutse ta ruɓe. A irin waɗannan wurare taki na nan jibge amma ba hasken da gansakuka za ta yi aiki da shi, sai awon koren ya fito kaɗan, mai karanta takarda daga nesa ya ɗauka ruwan ya tsira.

Abin da ke rufa wa tafkin asiri

In aka dubi yawan abin da ake zuba masa, abin mamaki ne da tsakiyar tafkin Legas ke da rai har yanzu, dayatom na da rinjaye, masunta 'yan ƙabilar Egun na Makoko na kafa rassan itace a ruwa kifi na taruwa. Wanka biyu ne ke cetonsa: na kullum da teku ke yi masa, da na shekara da kogin Ogun ke yi. Inda wankan ba ya kaiwa sosai, wato lungunan rafuka irin na Ogudu da Makoko da Ebute Metta, can ne ake ganin ainihin halin da ake ciki: baƙin ruwa, warin ruɓaɓɓen ƙwai, nau'o'i 'yan kaɗan masu jure wuya. Mutanenmu na Ankara ta ƙasar Gana ba sai an yi musu bayani ba, sun san tafkin Korle, wanda kogin Odaw ke juye wa dattin gari har rai ya kusa ƙarewa a cikinsa. Kuma kowane fili da aka cike da yashi a bakin tafkin Legas don gina gidaje, kowane dajin bakin ruwa da aka sare, yana rage wurin da ruwa zai juya ya wanke kansa.

Akwai waɗanda aikin ya rataya a wuyansu. Cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, tana tsibirin Victoria tun 1975, hukumar kare muhalli ta jiha, LASEPA, tun 1996. Amma yawancin abin da aka sani game da fitofilankton ɗin tafkin daga ayyukan jami'a ya fito, da dama na ɗalibai ne, wata 6 ko shekara guda, a tasha uku ko huɗu, kowa da wurin da kuɗin motarsa ya kai shi. Aiki ne mai daraja, sai dai guntu-guntu ne. Abin da tafkin ke bukata, a ganina, tashoshi ne tsayayyu daga bakin Ogun har Commodore Channel, a riƙa ɗiba kowane wata da hanya iri ɗaya, shekara bayan shekara, a wallafa kowa ya gani. Kayan aikin raga ce da faifai da madubi da mutum mai haƙurin ƙirga. Mai tsadar shi ne mutumin, don gane dayatom daga ɗan uwansa sai an yi shekaru ana kallo.

Sannan a gyara lokacin awo. Galibi da hantsi ake fita, bayan an sha cunkoso an iso bakin ruwa, lokacin da gansakuka ta riga ta yi sa'o'i tana sakin oksijin. Awon da zai faɗi gaskiya shi ne na asuba, a lungun rafi, a watan Maris, sa'ad da teku ya janye, ruwa ya kwana da zafi ba iska. A irin wannan sa'a ce masunta ke tarar da kifi ya taso sama yana buɗe baki yana haɗiyar iska, kaguwa na hawa turakun gidaje, tun ba a kira sallah ba.